Sayen kondo: na kan zane, sabon dogon bene, tsohon gini ko ƙaramin bene?

Duk wanda ya sayi kondo, wato fulat a cikin benen da masu gidaje da yawa suka mallaka tare, abu biyu ya saya a ciniki guda. Na farko shi ne fulat ɗin da zai rufe ƙofarsa ya kwanta, nasa shi kaɗai, da takardar mallaka mai ɗauke da sunansa. Na biyu kuwa kaso ne a cikin duk abin da mazauna benen suka yi tarayya a kai: harsashin gini, rufi, matakala, lifta, bututun ruwa, wurin ajiye motoci, har da bashi in akwai shi a wuyan ƙungiyar masu gidajen. Na farkon dillali ke nunawa, domin shi ke da sabon fenti da tayil mai sheƙi da tagar da ke kallon gari. Na biyun shi ke cin kuɗi shekara da shekaru, kuma shi ke yanke ko mutum zai ci riba ko zai ciji yatsa ranar da ya tashi sayarwa. Da za a tambaye ni, da na ce mai saye ya ba wa kason tarayyar nan kashi biyu cikin uku na hankalinsa, ragowar ya bar wa kicin da banɗaki.

Mafi yawan masu nema tsakanin zaɓi huɗu suke kai-kawo. Akwai fulat ɗin da ba a gama ginawa ba, wanda ake saye a kan zane. Akwai sabon dogon bene da aka kammala, mai wurin ninkaya da ɗakin motsa jiki. Akwai tsohon ginin da ya haura shekara 20, wanda ake saye daga hannun wani. Sai ƙaramin bene mai hawa 2 zuwa 4, mai gidaje ƙalilan. Kafin a ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, ga ma'aunan da za a ɗora su a kai.

## Ma'aunai huɗu

Kuɗi. Kowa farashin saye yake fara tambaya, alhali kuɗin kondo gida uku ne. Bayan farashi akwai kuɗin hidima na wata-wata, wanda daga cikinsa ake biyan masu gadi da masu shara, wutar haraba, inshorar gini, kula da lifta da ladan kamfanin da ke tafiyar da wurin. Yawanci gwargwadon girman fulat ake raba shi. Wannan kuɗi ba ya ƙarewa ko bayan an gama biyan bashin banki, kuma da wuya ka ji an ce ya sauka. Na uku shi ne karo-karon dole: in babban gyara ya taso aka duba asusun ajiya aka ga bai kai ba, sai ƙungiya ta yanka wa kowane gida kasonsa, ya biya ko yana so ko ba ya so. A ƙasashe da dama, wanda ya ƙi biya ana ɗora bashin a kan gidansa, har takan kai ga kotu ta sa a sayar.

Saboda haka ƙaramin kuɗin wata ba kullum yake zama albishir ba. Sau da yawa ma'anarsa ita ce ba a tara komai don gobe, an bar wa mai zuwa daga baya nauyin rufi da lifta. Akwai ma'auni mai sauƙi da za a iya arowa daga Amurka. Fannie Mae, wadda ke sayen basussukan gidaje daga hannun bankuna, ta daɗe tana gindaya sharaɗin cewa ƙungiyar kondo ta riƙa ware aƙalla kashi 10 cikin 100 na kasafinta zuwa asusun ajiya, kuma kada gidajen da suka yi jinkirin biya na kwana 60 ko fiye su wuce kashi 15 cikin 100. Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da mai ba da rance zai lamunta, tsohon gini kuwa ya fi ƙarfin haka. Amma tambayoyin biyu suna aiki a ko'ina: nawa ake ajiyewa, kuma mutum nawa ne ba sa biya?

Ƙarko. Babban abokin gabar bene ruwa ne. Kankare yana da ƙananan kafofi, in ruwa ya samu hanya ya kai ga rodin da ke ciki sai rodin ya yi tsatsa, ita kuma tsatsa kumbura take yi, ta turo kankaren daga ciki har ya ɓare. A bakin teku gishiri yana ƙara wa abin sauri. Shi ya sa wurin da ya fi faɗin gaskiya a duk benen shi ne wurin ajiye motoci na ƙarƙashin ƙasa, don nan ne ba a cika yi wa kwalliya ba. Ka sauka da tocila ka ɗaga kai. Farin gishiri-gishiri a jikin kankare alama ce ta ruwa na ratsawa. Jan layin da ya gangaro daga ginshiƙi tsatsar rodi ce. In ka ga an girke bokiti a ƙarƙashin wani bututu, ko an maƙala kwano a sama don kare motar wani daga ɗiga, to yoyon ya daɗe har an saba da shi. Daga nan ka hau can ƙoli ka ga ko ruwan sama yana kwanciya a kan rufin, in ka sauko kuma ka tsaya a waje ka kalli ƙarƙashin barandoji.

Kayan gini kowanne da wa'adinsa. Lifta galibi tana neman babban gyara ko sauyi bayan shekara 20 zuwa 25, shimfiɗar hana ruwa ta kan rufi ma kusan haka. Tambayar da ta fi "shekarar ginin nawa?" amfani ita ce "me aka riga aka sauya, kuma yaushe?"

Sauƙin zama. Ana iya sauya kicin, ana iya rushe banɗaki a sake, amma unguwa da hawa da fuskar da taga ke kallo sun zauna ke nan. A gwada hanyar zuwa wurin aiki ko makarantar yara a lokacin cunkoso, a kuma dawo da dare a ga yadda titin yake. Hawan ƙasa yana da sauƙin shiga da fita, amma shi ke shan hayaniyar ƙofa da danshi. Hawan ƙoli ba mai taka maka kai, sai dai shi zafin rana ke fara duka, shi kuma yoyon rufi ke fara samu. Tagar da ke kallon yamma tana kwasar ranar la'asar, abin so a ƙasar sanyi, abin ƙarin kuɗin wuta a ƙasar zafi.

Hayaniya ba a ganinta a hoto. Ka nemi a bar ka ka shiga fulat ɗin da yamma, lokacin da mutane suka dawo gida, ka rufe tagogi ka yi shiru na ɗan lokaci. Za ka ji ko takun na sama yana saukowa, ko ruwan banɗakin maƙwabci yana bi ta bangon ɗakin kwananka, ko injin lifta yana gunji a bayan gado. A tambayi lifta nawa ce ga gidaje nawa. A tambayi wurin ajiye mota: yana cikin takardar mallaka, ko ƙungiya ce ta ba da aro, tana iya karɓewa?

Sai girma. Abin da aka rubuta a talla sau da yawa ya haɗa da kaurin bango da baranda, wani lokacin har da kason matakala. Faransa ta yi doka a 1996 wadda ta fayyace yadda ake auna fulat, ba a ƙirga wurin da tsayinsa bai kai mita 1.8 ba, kuma in girman gaske ya gaza wanda aka rubuta da fiye da kashi 5 cikin 100, mai saye yana da shekara guda ya nemi ragin farashi. Inda babu irin wannan doka, tef ɗin awo ba shi da tsada.

Haɗari. Wannan a takardu yake ɓoye. Kafin a ba da kafin alƙalami, lauya ya ga takardar mallaka, dokokin zama, kasafin shekara, abin da ke cikin asusun ajiya, takardar inshora, rahoton injiniya na ƙarshe, da bayanan tarurrukan ƙungiya na shekara 2 ko 3 da suka wuce. Bayanan taron nan su ne aka fi rainawa, su ne kuma suka fi tona asiri. In ka ga maganar yoyon rufi ta fito a taro uku a jere, kowane karo an ce "a bari sai zama na gaba", ka san halin mutanen da za ka haɗa aljihu da su. In shugabanni suna ta murabus, ko akwai shari'a da kamfanin da ya yi ginin, nan za ka gani. Mai sayarwar da ya yi ta hanya-hanya a kan ba da waɗannan takardu ya riga ya ba ka amsa.

A kuma tabbatar da irin mallakar. A Ingila yawancin fulat na wa'adi ne, shekara 99 ko 125 ko 999, kuma in abin da ya rage ya gaza 80 darajar gidan tana faɗuwa, bankuna su fara ja da baya. A Singafo ma kondo masu yawa na shekara 99 ne. A Tailan baƙi ba sa mallakar fiye da kashi 49 cikin 100 na faɗin gidajen bene guda. Dokokin zama kuwa suna iya hana ba da haya na gajeren lokaci, ko kiwon dabba, ko buɗe sana'a a gida, ko ma sauya launin ƙofa.

## Na kan zane

Wannan shi ne cinikin biri a sama, kuma abin da ke jan mutane gare shi ba ƙarya ba ne. Farashinsa yakan yi ƙasa da na ginin da aka gama a unguwa ɗaya, ana biya kashi-kashi, kuma wanda ya zo da wuri shi ke zaɓen hawa da kusurwar da yake so. In kasuwa ta hau kafin a gama, ya ci riba tun bai karɓi makulli ba.

Ta fuskar ƙarko, komai sabo ne, amma ba wanda ya san yadda zai kasance. Ta fuskar sauƙi, akwai jiran shekaru, kuma a duk tsawon jiran mutum yana biyan haya a wani wuri yana kuma biyan kason gini. Babban haɗarin shi ne kamfanin ya kasa gamawa. Girman kamfani ba kariya ba ne. Evergrande na ƙasar Sin yana cikin manyan kamfanonin gidaje a duniya, ya tara bashin da ya haura dala biliyan 300, ya kasa biya a ƙarshen 2021, kuma a Janairun 2024 wata kotu a Hong Kong ta ba da umarnin a rushe shi a sayar da kadarorinsa. A 2022 masu saye a ɗaruruwan ayyukan da suka tsaya cak a ƙasar sun yi barazanar daina biyan bashin banki a kan gidajen da ba su taɓa shiga ba.

Abin da ya kamata a bincika shi ne inda kuɗin mai saye yake kwana. Dubai ta yi doka a 2007 da ta tilasta a zuba kuɗin masu saye a asusun amana na wannan aikin kaɗai. Dokar Indiya ta 2016 ta ce a ware kashi 70 cikin 100 na abin da aka karɓa a asusu na daban, ta kuma ɗora wa kamfani gyaran aibin gini har shekara 5. A Faransa biya yana bin aiki: bai wuce kashi 35 in an gama harsashi, 70 in an rufe ginin daga ruwa, 95 in an kammala. A Ontariyo ta Kanada mai sayen sabon kondo yana da kwana 10 ya fasa bayan ya sa hannu. Inda kuɗi ke shiga aljihun kamfani kai tsaye ba tare da irin wannan shinge ba, mai saye ya zama mai ba da bashi ba jingina, ko ya sani ko bai sani ba.

A cikin yarjejeniya a duba ranar miƙa makulli da tarar jinkiri, da iyakar abin da kamfani zai iya ragewa a girma ko sauyawa a kayan aiki. Kuɗin hidimar da aka rubuta a takardar talla hasashe ne kawai, kuma mai talla ba ya hasashen abin da zai kori mai saye. Hanya mafi inganci ta sanin kamfani ita ce a je wani benen da ya gama shekara 5 ko fiye da suka wuce, a sauka wurin ajiye motocinsa, a zanta da mazauna.

## Sabon dogon bene

Shi ya fi tsada a kowane murabba'in mita, kuma kuɗin watansa ma yakan fi na saura. Wurin ninkaya yana shan magani da wuta da mai kula. Ɗakin motsa jiki, lambun kan rufi, mai karɓar baƙi a ƙofa dare da rana, duk daga aljihun masu gida suke ci, da mai amfani da su da wanda bai taɓa leƙawa ba. Mai saye ya tambayi kansa tsakani da Allah sau nawa zai shiga ruwan nan a wata.

Daɗin zamansa ba a musunsa: tsaro, tsafta, wayoyin wuta da bututu sababbi, ga garanti. A Faransa, alal misali, magini yana ɗauke da alhakin manyan aibobin gini har shekara 10. Yawan gidaje kuma yana raba nauyi, in mutum biyar sun ƙi biya cikin 300 ba a ma ji. Sai dai rayuwa a hawa na 30 a kan lifta da famfon tura ruwa ta rataya, don haka a tambayi abin da ke faruwa in wuta ta ɗauke.

Sabunta ba shaidar lafiya ba ce, domin aibin gini a shekarun farko yake bayyana. Opal Tower a Sidni ta Ostireliya, mai hawa 36, an gama shi a 2018, kuma a ranar 24 ga Disamba na shekarar aka kwashe mazauna bayan an ji ƙara an ga tsagewa a kankare. Millennium Tower a San Faransisko, mai hawa 58, an kammala shi a 2009, zuwa 2016 ya nutse kimanin santimita 40 ya kuma karkace. Gobarar dogon benen Grenfell a Landan, ranar 14 ga Yuni 2017, ta kashe mutum 72, kuma kayan da aka lulluɓe bangon waje da su ne suka sa wutar ta bazu da sauri. Shi wannan benen na hukuma ne, amma bayan gobarar an gano irin kayan a jikin benaye masu yawa na 'yan kasuwa, masu fulat da dama suka wayi gari bankuna sun ƙi ba da rance a kan gidajensu, ba su iya sayarwa. A dogon bene, tambaya a kan kayan bangon waje da yawan matakalar tsira daga gobara ba ƙaƙale ba ce.

Akwai wasu abubuwa biyu da ba a cika lura da su ba. Har sai an sayar da kaso mai yawa, kamfanin ginin ne ke riƙe da ragamar ƙungiya, don haka a tambayi wanda ke biyan kuɗin hidimar gidajen da ba a sayar ba. Sannan ranar sayarwa, fulat ɗinka yana da 'yan'uwa masu kama da shi sak a sama da ƙasa, in da yawa sun fito kasuwa lokaci guda, farashi kaɗai zai bambanta ku.

## Tsohon gini

Nan ne zaɓin ya fi daɗi, nan ne kuma ya fi ciwo. Farashinsa ya fi sauƙi, ɗakunansa sukan fi na zamani faɗi, kuma yawanci yana unguwar da ta riga ta zauna, da makarantu da asibiti da abin hawa. Babban abin da ya fi saura da shi shi ne tarihi: kasafin shekaru, jerin gyare-gyare, halin maƙwabta, duk a rubuce suke. Sai dai wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Bututu sun tsufa, wayar wuta wataƙila ba ta ɗaukar kayan zamani, lifta ta kusa wa'adinta ko ta wuce.

Labarin Champlain Towers South a garin Surfside na jihar Fulorida ya kamata duk mai sayen tsohon kondo ya san shi. Bene ne mai hawa 12 da gidaje 136 a bakin teku, an gina shi a 1981. A 2018 rahoton injiniya ya nuna babbar ɓarna a kankaren da ke ƙarƙashin farfajiyar wurin ninkaya, ya ce shimfiɗar hana ruwa ta lalace, ya kuma nuna tsagewa da ɓarewar kankare a wurin ajiye motoci. An ƙiyasta gyaran a kan kimanin dala miliyan 9. Aka yi ta ja-in-ja, wasu shugabannin ƙungiya suka ajiye muƙami, zuwa 2021 karo-karon da aka amince da shi ya kai dala miliyan 15, kason gida guda ya kama daga kimanin dala 80,000 zuwa fiye da 300,000. Ranar 24 ga Yuni 2021 wani ɓangare na benen ya rufta, mutum 98 suka rasu. Rahoton yana nan kusan shekara 3 kafin ruftawar, a cikin irin takardun da mai saye yake da damar ya nema.

Bayan haka, a 2022, Fulorida ta yi dokar da ta wajabta binciken injiniya ga benaye masu hawa 3 ko fiye idan sun kai shekara 30, a kuma maimaita duk shekara 10, ta kuma hana masu gida kaɗa ƙuri'ar ƙin tara kuɗin gyaran ƙashin gini. Kuɗin wata ya yi tashin gwauron zabi a tsofaffin benaye da yawa. Kuɗin da ya kamata a tara tun da daɗewa ne ya faɗo kan waɗanda aka tarar a gidajen.

A nawa ganin, tsohon ginin da aka riƙe da kyau, wanda aka riga aka sauya masa rufi da lifta kuma asusunsa na da nauyi, shi ne ciniki mafi kyau a cikin huɗun. Wanda aka yi wa riƙon sakainar kashi shi ne mafi muni, kuma daga cikin fulat ba a bambance su, don fenti ɗaya suke sha kafin a kai su kasuwa. A ɗauki injiniya mai zaman kansa. In an riga an yanka karo-karo, a rubuta a yarjejeniya wanda zai biya, ko a cire shi daga farashi. A kuma tuntuɓi banki da wuri, don akwai ginin da ba a ba da rance a kansa. A wasu wurare ma rinjaye na iya sayar da benen gaba ɗaya a rushe: a Singafo amincewar kashi 80 cikin 100 ta isa ga ginin da ya kai shekara 10, ko da saura ba su so.

## Ƙaramin bene

Kuɗin watansa ya fi na kowa sauƙi, tunda sau da yawa ba lifta, ba wurin ninkaya, ba ma'aikata. Kayan lalacewa kaɗan ne, maƙwabta sun san juna, shawara ba ta ɗaukar wata shida.

Rauninsa a lissafi yake. A bene mai gidaje 8, kowa kashi 12.5 cikin 100 na kuɗin sabon rufi ne a kansa, alhali a mai gidaje 200 rabin kashi ɗaya ne, ko da yake rufi da injinan babban bene sun fi tsada. In mutum ɗaya cikin 8 ya ƙi biya, nauyin sauran 7 ya ƙaru da kusan kashi 14 cikin 100. Galibi kuma masu gidan ne ke riƙe da littafin kuɗi da kansu, wani lokacin babu asusun ajiya sam, sai dai a yi karo-karo in abu ya ɓaci. Maƙwabci ɗaya mai taurin kai ya isa ya tsayar da komai. Kafin saye a gana da su ido da ido, a kuma tuna cewa matakalar da ba ta dami mutum yana shekara 35 ba za ta dame shi yana 70.

## A taƙaice cikin jadawali

| Ma'auni | Na kan zane | Sabon dogon bene | Tsohon gini | Ƙaramin bene |
|---|---|---|---|---|
| Farashin saye | Da rangwame, kashi-kashi | Mafi tsada | Mafi sauƙi | Matsakaici |
| Kuɗin wata | Hasashe ne, yakan hau | Mai yawa | Ya danganta da riƙo | Kaɗan |
| Karo-karon dole | Da wuya da farko | Sai in aibi ya fito | Mai yiwuwa ƙwarai | Kason kowa babba |
| Ƙarko | Ba a sani ba tukuna | Sabo, da garanti | Ana iya bincikawa | Kayan lalacewa kaɗan |
| Sauƙin zama | Sai an jira | Hidima a cike | Faɗi, unguwa zaunanniya | Shiru, amma matakala |
| Babban haɗari | A kasa gamawa | Ɓoyayyen aibi | Gyaran da aka jinkirta | Maƙwabcin da ba ya biya |

## Wa ya dace da wanne

Mai sayen gidan farko da duk tarinsa ya tafi a kafin alƙalami, ba shi da rarar da zai tari karo-karon ba-zata, ya nemi ginin da ya yi shekara 5 zuwa 15. Aibin farko ya riga ya bayyana, manyan gyare-gyare ba su iso ba, kuma akwai littafin kuɗin da za a karanta. Irin wannan mutum ya nisanci na kan zane, sai fa in doka ta killace kuɗinsa kuma yana iya ɗaukar haya da biya tare in an yi jinkirin shekara guda.

Iyali mai yara, wanda faɗin ɗaki da kusancin makaranta suka fi damu, tsohon gini mai kyakkyawan riƙo ko ƙaramin bene zai fi yi musu, a hawa na ƙasa-ƙasa, bayan injiniya ya duba. Dattijo ko mai lalurar ƙafa lifta ce a gabansa, kuma fiye da ɗaya, don ranar da ake gyaran guda kada ya zama fursuna a gidansa. Mai fansho ya auna kuɗin wata da idon shekara 10 masu zuwa, tunda kuɗin zai hau, fanshon kuwa ba lallai ya bi shi ba.

Mai yawan tafiya, wanda ke son ya kulle ƙofa ya yi wata uku ba ya nan hankali kwance, sabon dogon bene mai tsaro da manaja shi ne nasa, tsadar watan ita ce ladan kwanciyar hankalin. Mai rarar kuɗi da haƙurin jira, wanda ba gidan zai shiga gobe ba, shi ne na kan zane ya dace da shi, a hannun kamfanin da ya ga tsofaffin ayyukansa da idonsa.

Mai saye don ba da haya kuwa ya fara da dokokin zama tun kafin ya kalli fulat, domin wasu ƙungiyoyi sun ƙayyade yawan gidajen da za a iya bayarwa haya, wasu sun hana haya ta kwanaki gaba ɗaya. Sannan ya cire kuɗin hidima da haraji da watannin da gidan zai zauna ba kowa daga hayar shekara, abin da ya rage shi zai gwada da farashin da ake nema.